Manhajar zanen giraf a ajin lissafi: taimako ce ko gurgunta ɗalibi?

Malamin Kumo:
Assalamu alaikum, malamaina da abokan aikina na wannan zaure. Ina da wata matsala da nake so mu tattauna a kanta da natsuwa. A wannan zango na fara amfani da manhajar GeoGebra a wayata wajen koyar da zanen giraf ga 'yan aji biyu na babbar sakandare, kuma na ga sauyi a fahimtar wasu daga cikinsu. Sai dai wani babban malami da nake girmamawa ya ja ni gefe ya ce mini abin da nake yi zai cutar da yaran, domin ranar jarrabawar WAEC ko NECO babu wanda zai shiga da waya, abin da za a ba su shi ne takardar giraf, su kuma su zo da fensir da rula. Maganarsa ta tsaya mini a rai. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki: shin in ci gaba, ko in ajiye wayar in koma ga allo da alli kaɗai?

Baba Mai Ritaya, Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wanda ya ja ka gefe bai ƙi ka ba. Na shafe shekaru talatin da biyar ina koyar da lissafi, kuma na daɗe ina cikin masu duba takardun jarrabawa, saboda haka bari in faɗa maka inda makin tambayar giraf yake. Ana ba da maki ga cike jadawali daidai, ana ba da maki ga bin ma'aunin da aka umarta, misali santimita 2 ga ɗaya a layin x da santimita 2 ga biyar a layin y, ana ba da maki ga ɗiga kowane ɗigo a mazauninsa, ana ba da maki ga haɗa su da lanƙwasa mai santsi, sannan ana ba da maki ga karanto amsa daga zanen. Ka duba waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, za ka ga babu ko guda da waya za ta koya wa hannun yaro. Mu da tsinken tsintsiya muka koyi haɗa ɗigo: ɗaya ya lanƙwasa tsinken ya riƙe shi a kan ɗigogin, ɗayan ya bi gefensa da fensir. Wanda ya yi haka sau ashirin, siffar farabola, wato lanƙwasar da lissafi mai x² yake fitarwa, ta zauna masa a hannu har abada. Wanda kuwa ya danna maɓalli hoto ya fito masa, kallo kawai ya yi, kuma kallon kitse ba ya ƙosar da mai jin yunwa.

Malama daga Bajoga:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ba na jayayya da ko ɗaya daga cikin abin da Baba ya lissafa, domin ni ma har gobe ina sa ɗalibaina su zo da tsinken tsintsiya. Amma ina roƙon Baba ya ba ni dama in kawo abin da ya faru a ajina, wanda ya sa na daina ganin wayar a matsayin kishiyar fensir.

Na ba su y = 2x² − 3x − 5, na ce su cike jadawali daga x = −2 zuwa x = 4. Amsar da ta dace ita ce 9, 0, −5, −6, −3, 4, 15. Fiye da rabin ajin suka kawo mini −7 a gurbin farko da −4 a gurbi na biyu. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya koyar da wannan darasi: yaro yana danna −2² a kalkuleta ba tare da baka ba, ita kuma ta ba shi −4 maimakon 4, domin a ƙa'idarta tana fara ninka 2 da kansa ne kafin ta sa alamar debewa. Abin da ya dame ni ba kuskuren ba ne, domin kowa yana kuskure. Abin da ya dame ni shi ne sun ɗauki waɗannan lambobi sun ɗiga su, layin ya hau ya sauka ya sake hawa kamar sawun maciji a rairayi, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya tsaya ya ce wannan siffa ba ta yi kama da abin da ya kamata ya fito ba. Ba su da hoton farabola a zuciyarsu da za su auna aikinsu da shi. A duk tsawon zango, in an yi ƙoƙari, yaro zai zana giraf uku ko huɗu da hannunsa, domin kowane ɗaya yana cinye darasi guda cur. Da wayar kuwa, cikin minti goma na nuna musu farabola iri-iri har goma sha biyar, kowace da siffa kamar ta ƙwarya, har suka gane cewa idan lambar da ke gaban x² ta haura sifili ƙwaryar a zaune take, idan kuma ta gaza sifili ƙwaryar a kife take. Tun daga ranar, yaro yana gama ɗiga ɗigoginsa zai duba ya ce, Malama, wannan ba ƙwarya ba ce, bari in sake duba jadawalina.

Baba Mai Ritaya, Jekadafari:
'Yata, maganar ƙwarya a zaune da ƙwarya a kife ta burge ni, kuma da na san ta ina aiki da na ara. Amma ai wannan hikimarki ce, ba ta waya ba. Da alli ma za ki iya zana ƙwarya biyu a allo.

Malama daga Bajoga:
Gaskiya ne, Baba, zan iya zana biyu. Abin da alli ba zai iya ba shi ne ya nuna ƙwaryar tana buɗewa a hankali har ta miƙe ta zama layi ɗoɗar lokacin da lambar ta kai sifili, sannan ta kife. Motsin shi ne darasin.

Malamin Jami'a, Tudun Wada:
Ina gaishe da Baba da sauran malamai. Tunda an ambaci sunan manhaja, yana da kyau mu san abin da muke magana a kai, domin ba duka suke aiki iri ɗaya ba, kuma sau da yawa ana haɗa su a yi musu kuɗin goro.

GeoGebra wani ɗan ƙasar Ostiriya ne mai suna Markus Hohenwarter ya fara ta a 2001, a matsayin aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Salzburg. Sunan ma haɗin kalmomi biyu ne, jometiri da aljabra, domin manufarta ita ce abin da ka rubuta da haruffa ka gan shi a zane, abin da ka zana kuma ka ga haruffansa. Desmos kuwa Eli Luberoff ne ya kafa ta a Amurka a 2011, kuma ta fi sauƙin shiga ga sabon hannu: ka rubuta ikweshan a gefe, zane ya fito nan take. Dukansu biyu kyauta ne ga ɗalibi da malami, kuma idan ka sauke su a waya suna zana giraf ko babu data. Akwai tsofaffi irin su gnuplot, wadda ta fito tun 1986, amma ita sai ka rubuta mata umarni layi-layi, don haka ta fi dacewa da masu bincike da ɗaliban injiniya, ba 'yan sakandare ba. Kafin duk waɗannan, kamfanin Casio ne ya fitar da kalkuleta mai zanen giraf ta farko a kasuwa, fx-7000G, a 1985, sannan Texas Instruments ta biyo da TI-81 a 1990. Ke nan muhawarar da muke yi yau, malaman wasu ƙasashe sun fara ta kusan shekaru arba'in da suka wuce.

Wani rukuni dabam shi ne irin su Photomath, wadda yaro zai ɗauki hoton tambaya ta warware masa mataki-mataki ya kwafa. Idan wannan ce Baba yake tsoro, ina bayansa ɗari bisa ɗari. Amma mai zana giraf ba ta yi wa yaro aikin gida da kanta, sai dai ta nuna masa siffar abin da ya rubuta, kuma idan bai san abin da yake nema ba, hoton ba zai amfane shi da komai ba.

Ina so in ba wa Baba wani ƙalubale cikin ladabi. A y = x² + bx + c, kowa ya san aikin c: yana ɗaga ƙwaryar sama ko ya sauke ta ƙasa. To mene ne aikin b? Idan muka bar c yadda yake muka riƙa sauya b, ta wace hanya gindin ƙwaryar yake bi?

Baba Mai Ritaya, Jekadafari:
Malam, abin da muka saba faɗa wa yara shi ne b yana matsar da ita hagu ko dama. Amma tunda ka tambaya da wannan siga, na san akwai wani abu a ƙasa. Ka ba ni zuwa bayan la'asar.

Malamin Kaltungo:
Kafin Baba ya dawo, ina so in sauko da mu ƙasa kaɗan, domin ina jin ana magana kamar kowa yana da majigi da wutar lantarki. A makarantar da nake, ajina na SS2 yana da ɗalibai tamanin da huɗu, an hana ɗalibai zuwa da waya, kuma ni ina goyon bayan hanin. Ɗakin kwamfutarmu yana nan, amma yawancin lokaci a rufe yake saboda babu wuta, man janareta kuma ba a sayensa don darasin lissafi. Idan na ɗaga wayata a gaban aji, 'yan layin farko ne kaɗai za su ga wani abu. To ta yaya wannan abu zai yi aiki a wurina? Ina tambaya ne da gaske, ba don in kushe ba.

Malamin Kumo:
Malam, halin da nake ciki bai fi naka ba sosai. Abin da nake yi shi ne, ina raba ajin gida takwas, kowane rukuni yana aikin jadawalinsa da zanensa a takarda, ni kuma ina zagayawa da wayar. Rukunin da ya gama ne kaɗai yake ganin fuskar wayar, kuma ba na nuna musu sai sun fara faɗa mini abin da suke tsammanin gani: ƙwaryar a zaune take ko a kife, a ina za ta ratsa layin y, sau nawa za ta taɓa layin x. Idan hasashensu ya dace, murnar da suke yi ta isa lada. Idan bai dace ba, na bar su su nemo inda suka kauce. Hanya ta biyu kuma, wani lokaci ina shirya zane shida ko takwas a gida, in kai shagon buga takardu a fitar mini a takarda ɗaya, in cire ikweshan ɗin, in rubuta su dabam a allo, in ce su haɗa kowane zane da nasa. Wannan ba ya buƙatar wuta a makaranta ko kaɗan, kuma zanen yana fita daidai fiye da wanda zan yi da alli a kan allon da ya riga ya ƙoƙe.

Malamin Kaltungo:
Wannan ta biyun zan iya gwada ta tun mako mai zuwa. Ta farkon kuwa ina shakkar lokaci, domin minti arba'in ba zai ishe ni zagaya rukuni takwas ba, sai dai a ranar da nake da darasi biyu a haɗe.

Ɗalibar Koyon Malanta:
Ina neman afuwar iyayena malamai, ni ƙarama ce a wannan zaure, yanzu nake aikin koyarwa na gwaji. Ina da wata matsala da ta ba ni kunya a gaban ɗalibai jiya. Na ɗauko tsohuwar tambaya wadda aka ce a zana y = 3 sin x + 2 cos x daga 0° zuwa 360°. Na rubuta ta a Desmos, na saita layin x daga 0 zuwa 360, sai abin da ya fito ya zama kamar haƙoran matsefi, layuka cunkushe babu iyaka, alhali a littafi tudu ɗaya ne da kwari ɗaya. Yara suka fara dariya, na rufe wayar na ce za mu dawo kai. Shin manhajar ce ta lalace, ko ni ce na yi kuskure?

Malamin Jami'a, Tudun Wada:
Malama, manhajar ba ta lalace ba, kuma kuskuren naki kusan kowa ya taɓa yin sa. Akwai ma'auni biyu na kusurwa: digiri, wanda muke koyarwa a sakandare, da radiyan, wanda manyan darussa suke amfani da shi. Desmos tana farawa ne a kan radiyan. A radiyan, zagaye guda bai wuce 6.28 ba, saboda haka da kika buɗe mata fili har 360 sai ta zana miki zagaye kusan 57, su ne haƙoran matsefin da kika gani. Ki taɓa alamar sifana da ke gefen sama, ki zaɓi digiri, zai koma tudu ɗaya da kwari ɗaya. A GeoGebra kuma ya isa ki sa alamar digiri a gaban x ɗin, wato ki rubuta sin(x°).

Amma ina so ki lura da wani abu: kin gane akwai matsala ne domin kin riga kin san siffar da ya kamata ta fito. Da ɗalibi ne shi kaɗai, da ya kwafe matsefin ya kai wa malaminsa. Wannan hujja ce ga Baba, kuma ba zan ɓoye ta ba. Bari ma in ƙara masa wasu. Ku rubuta y = x² − 35x + 300. A tagar da manhaja take buɗewa da farko, wadda ba ta cika wuce −10 zuwa 10 ba, ba za ku ga komai ba, fili fetal. Yaro zai ce babu amsa, alhali amsoshin suna 15 da 20, can gefe inda bai leƙa ba. Ko ku rubuta y = (x² − 1)/(x − 1). Za ku ga miƙaƙƙen layi sak irin na y = x + 1, babu alamar tsinkewa, alhali a x = 1 akwai rami, domin ba a raba lamba da sifili. Na'urar tana lissafa ɗigogi masu yawa ne ta haɗa su, kamar dai yadda yaro yake yi da tsinken tsintsiya, illa ta fi shi sauri. Ba ta san komai game da abin da ya faɗa tsakanin ɗigoginta ba. Saboda haka zaɓen tagar kallo a waya shi ne ainihin zaɓen ma'auni a takarda, kuma wanda bai iya na biyun ba ba zai iya na farkon ba.

Ɗalibar Koyon Malanta:
Na gode ƙwarai, Malam. Na gyara, kuma ya fito daidai. Gobe zan fara nuna musu matsefin ne tukuna, in tambaye su me ya sa ya fito haka, tunda sun riga sun yi mini dariya a kansa ba za su manta ba.

Baba Mai Ritaya, Jekadafari:
Malamin Jami'a, na dawo da amsarka. Na zauna da takarda na yi ta da hannu. Gindin ƙwaryar yana x = −b/2, tsayinsa kuma c − b²/4. Idan ka maye gurbin b da −2x, sai ka samu y = c − x². Wato yayin da b yake sauyawa, gindin ba hagu da dama kawai yake tafiya ba, yana bin wata farabolar ce dabam wadda take a kife, mai ƙoli a kan c. Na rantse shekara talatin da biyar ina koyar da wannan babi ban taɓa lura da haka ba, kuma abin da nake faɗa wa yara rabin gaskiya ne. Jikata ta sauke mini manhajar a wayarta, ta sa mini abin jan nan da kuke kira silaida, na riƙa jan b daga −10 zuwa 10 ina kallon gindin yana hawa yana sauka a kan hanyar da na lissafa. Na daɗe ina ja ina mayarwa kamar ƙaramin yaro.

Sai dai kada ku yi saurin cewa Baba ya sallama. Abin da ya sa na ji daɗin kallon shi ne na riga na fitar da amsar da fensir. Da jikata ta fara nuna mini, da na ce abin sha'awa, in wuce. Har yanzu ina kan bakana cewa hannu ne farko.

Malama daga Bajoga:
Baba, a kan wannan ban cika yarda ba, kuma ina neman gafara. Ga Baba, wanda aljabra ta zauna masa, hannu ne farko. Amma ina da ɗalibai, musamman waɗanda Turanci yake yi wa nauyi, da idan na fara da haruffa na rasa su tun minti biyar na farko. Irin waɗannan sai na fara da abin da ido zai gani. Na taɓa ba su wannan: mutum yana da wayar shinge mita 40, yana so ya kewaye wa awakinsa fili mai kusurwa huɗu a jikin katangar gidansa, wato ɓangare uku kawai zai shinge. Yaya zai yi ya sami fili mafi girma? Kowa ya yi ta cinta, mafi yawansu suka ce a yi shi murabba'i. Muka rubuta faɗin a matsayin x, tsawon ya zama 40 − 2x, girman filin kuma x(40 − 2x). Da na zana a waya, ƙwarya ta fito a kife, ƙolinta a x = 10, girman fili murabba'in mita 200, wato faɗi 10 tsawo 20, ba murabba'i ba. Sai da suka ga ƙolin da idonsu sannan suka so sanin yadda ake samo shi ba tare da waya ba, kuma a ranar ne na koyar da kammala sukwaya ba tare da kowa ya yi hamma ba. A wannan darasi ido ne ya ja hannu.

Malamin Jami'a, Tudun Wada:
Abin da Malama ta faɗa yana da tsohon tarihi, domin warware ikweshan ta hanyar zane ya girmi takardar giraf kanta. Umar Khayyam, wanda aka haifa a Nishafur a 1048, ya warware ikweshan masu x³ ta hanyar haɗa siffofi biyu ya duba inda suka gamu, ƙarnuka kafin René Descartes ya wallafa aikinsa na jometiri a 1637, wanda daga gare shi ne tsarin layin x da layin y ya samo asali. Khayyam bai rubuta da haruffa irin namu ba, da kalmomi da zane ya yi bayani, amma idan muka juya hanyarsa zuwa rubutun yau ga yadda take. A ɗauki x³ + 4x = 16. A zana farabola x² = 2y, a zana da'ira x² + y² = 4x. Ban da mafarin layuka, za su gamu a ɗigo (2, 2), kuma 2 ita ce amsar, domin 8 da 8 sun ba da 16. Da kamfas da rula wannan aikin yini ne, farabolar ma ba ta zanuwa da su. A GeoGebra layi biyu ne za ka rubuta. Ina ba wa ɗalibaina na shekarar farko wannan, kuma yana sa su daina ɗaukar zane a matsayin abin yara.

Game da jarrabawa kuma, wadda ita ce asalin damuwar Malamin Kumo, gaskiya ne cewa a yau ba a shiga da waya, kuma kalkuletar da aka yarda da ita ba mai zane ba ce. Amma abubuwa suna motsi. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024, jarrabawar SAT ta Amurka kuwa, da ta koma kwamfuta, an saka Desmos a cikinta ne kai tsaye ga kowane ɗalibi. Ba ina cewa gobe za a yi haka a nan ba ne. Ina cewa ne yaron da zai shiga jami'a ko kwalejin kimiyya zai tarar da waɗannan kayan aiki suna jiransa, kuma gara ya fara ganinsu a hannun malamin da zai nuna masa inda suke yaudara.

Malamin Kaltungo:
Ina da ƙorafi ɗaya da ba a taɓo ba. Idan muka ce yara su je gida su gwada a waya, mun raba ajin gida biyu: masu wayar iyaye ko ta yayye, da waɗanda gidansu babu babbar waya ko ɗaya. 'Yan mata kuma sun fi shan wahalar samun aron waya da daddare. Ni dai ba zan ba da aikin gida da ya dogara da manhaja ba, ko da kuwa kyauta ce.

Malamin Kumo:
Na yarda da wannan gaba ɗaya, kuma ban taɓa ba da maki a kan abin da sai da waya ake yin sa ba. Wanda yake da hali ya gwada a gida, wannan ƙari ne. Abin da ya zama dole yana faruwa ne a aji, a wayata, a gaban kowa. Abin da na ɗauka daga wannan tattaunawa zuwa yanzu shi ne zan ci gaba, amma zan ƙara yawan zanen hannu, domin na lura da kaina cewa tun da na fara amfani da wayar na rage ba su aikin takardar giraf, kuma a gwajin da ya wuce da yawa sun faɗi a wajen ma'auni. Wasu ma sun ce mafi ƙanƙantar darajar y = 2x² − 3x − 5 ita ce −6, don ita ce mafi ƙanƙanta a jadawali, alhali gindin yana tsakanin 0 da 1, a x = 0.75, inda y take −6.125. Wanda ya haɗa ɗigoginsa da rula maimakon lanƙwasa ba zai taɓa ganin wannan ba.

Baba Mai Ritaya, Jekadafari:
To ka ga abin da nake faɗa. Wannan kuskure na haɗa ɗigo da rula na ga dubunsa a takardun jarrabawa. Amma tunda wayar tana iya matso da gindin ƙwaryar har yaro ya ga ta zarce −6 ta yi ƙasa, ka nuna musu sau ɗaya, sannan ka karɓe, ka miƙa musu tsinken tsintsiya. Ina kuma da buƙata ga Malamin Jami'a: jikata ta koma makaranta da wayarta, tawa kuma ƙarama ce mai maɓalli. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a gidan, shin wannan manhaja za ta hau kanta ba tare da intanet ba? Ina so in gwada abin Khayyam da kaina, in kuma ga hanyar da gindin yake bi idan a, wato lambar da ke gaban x², ita ce take sauyawa maimakon b.

Malamin Jami'a, Tudun Wada:
Za ta hau, ranka ya daɗe. Akwai GeoGebra Classic wadda ake sakawa a kwamfuta ta yi aiki babu intanet. Zan sauke ta daga shafinsu na asali in sa a filashi in kawo wa Baba har gida ranar Asabar, in Allah ya kai mu. Ina kuma shawartar sauran malamai su riƙa saukewa daga shafin kamfanin ko Play Store, maimakon karɓar kwafin da ya bi wayoyi goma ta Xender ba a san abin da aka cusa masa ba. Game da tambayar a kuwa, ba zan faɗa wa Baba amsar ba, tunda ya ce hannu ne farko.

Shugaban Zaure:
Muna godiya ga kowa. Malamai uku sun yi mini magana a gefe suna tambaya ko za a iya haɗuwa a nuna musu yadda ake sa silaida da saita tagar kallo, domin karantawa a nan bai wadatar da su ba. Idan Malamin Jami'a da Malama daga Bajoga za su samu dama a hutun tsakiyar zango, zan nemi aji guda a cikin garin Gombe inda akwai sola. Duk mai sha'awa ya rubuta sunansa a ƙasa, ya kuma faɗi ko wayarsa tana da sauran wurin da za ta ɗauki manhajar. Kowa ya zo da takardar giraf da fensir, Baba kuma ya ce shi zai kawo tsintsiyar.